Awa Ɗaya da Rabi

Har yau in na ji wani ya buɗe baki ya ce, "Ai Legas da Kano ba nisa, awa ɗaya da rabi ce a jirgi," sai in ji kamar in tashi in bar masa wajen. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ka duba a waya, haka za ka gani: kilomita ɗari takwas da 'yan kai tsakanin wannan filin jirgi da wancan, awa ɗaya da rabi a sama. Ni ma na sha faɗin haka da bakin nan nawa, kuma wanda na fi faɗa wa shi ne mahaifina.

Mu mutanen wani ƙauye ne can bayan Mabai, a ƙasar Kankara. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Baba, ni da ƙanwata da ke aure a Sabuwa. Inna ta rasu tun ina sakandare, Baba kuma bai sake aure ba, duk surutun da dangi suka yi masa. Ya zauna a sashensa shi kaɗai da tumakinsa da rediyonsa, tuwo kuma daga sashen ƙanensa ake aiko masa, wanda muke kira Baffa. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kunya ce irin ta mutanenmu. Ina yaro "kai wancan" nake. Da na sami aiki a wani kamfanin sauke kaya a bakin teku sai na koma "mutumin Ikko", don shi har ya bar duniya bai yarda ya ce Legas ba.

A shekarata ta uku a can aka tashi aika wasu takardu Kano da gaggawa, aka rasa wanda za a aika sai ni, aka sa ni a jirgi. Ranar ce ta farko da ƙafata ta bar ƙasa. Na ɗaure ɗamarar kujera har tana neman raba ni biyu, na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Aka ba mu ruwa da ɗan biskit. Wallahi ban gama lallaɓa biskit ɗin nan ba aka ce mu shirya, za mu sauka. Ni da na saba kwana da yini a mota, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage! Na sauka ina jin kaina kamar wanda aka yi wa sarauta.

Da na je gida da sallar layya ta shekarar, labarin da na buɗe baki da shi ke nan. Muna zaune a zaure bayan la'asar, ni da Baba, yana gyaran igiyar tunkiya.

Shi Baba da ƙafa da lokutan salla yake auna nisa. Kankara, in ka fita bayan asuba kana can kafin rana ta yi zafi. Faskari, inda yake kai dabbobi lokacin ƙarfinsa, wannan tafiyar yini ce. Sabuwa kuwa, tun da ƙanwata ta tare can yake jin haushin garin, don sai ka sauya mota sau biyu ko uku, in ka fita da safe ka yi azahar a hanya. Iyakar duniyar da ya taka Funtuwa ce da Katsina. Kano bai taɓa zuwa ba, a rediyo kawai yake jin ta.

Ya ce, "Awa ɗaya da rabi. Wato mi ke nan?"

Na ce, "Kamar daga la'asar ɗin nan zuwa kafin magariba, Baba. Ba ta ma kai ba."

Ya ajiye igiyar. "Daga Ikko?"

"Daga Ikko."

Ya kalle ni, sannan ya ce, "To ashe kai ka hi ta Sabuwa kusa."

Na yi dariya na ce haka ne. Sai ya yi mini tambayar da har yau take bina. Ya ce, "Har ƙohwar gida?"

Na san amsar. Na san jirgi a Kano yake ajiye mutum. Na san daga can sai ka nemi tasha, ka jira mota ta cika, ka bi ta Gwarzo da Malumfashi, ka sauka a Kankara, ka nemi mai babur. Na san kafin ma ka hau jirgin sai ka ratsa cunkoson Legas, ka bi layi, ka zauna jira. Duk na sani. Amma shekara biyu ke nan ban zo gida ba, ga tsoho ya ɗago kai fuskarsa ta washe kamar an ce masa an yi ruwan shuka. Sai na ji bakina ya ce, "Kusan haka, Baba."

Ya ce, "Allah mai iko." Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba.

A zuwan nan na kawo masa agogon hannu. Da farko ya ce shi me zai yi da agogo, rana ba ta taɓa ɓata masa lokaci ba. Amma bayan wannan hira sai ya sa na nuna masa yadda awa ɗaya da rabi take a fuskar agogon, dogon hannu ya zaga sau ɗaya ya ƙara rabi. Abin da ya koya ke nan, bai nemi sauran ba. Ya ɗaura shi a hannu, ya yi masa yawa, sai da na ƙara huda fatar da ƙusa.

A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu da ke bayan gari. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffa zai hau tudun da wayarsa, Baba na biye da shi da sanda, su kira ni. Nan na gane abin da agogon ya zama. Sai Baba ya ce, "Mutumin Ikko, yau na zo wajenka na komo, ba ka gan ni ba?" Wato ya yi awa uku a gona ke nan. Wata ran ya ce, "Liman ya ja huɗuba yau, saura kaɗan mu sauka Ikko." In yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki. Baffa ya gaya mini ko a majalisa, in aka tausaya masa aka ce 'ya'yansa duk sun yi nisa, sai ya ɗaga hannun agogon ya ce, "Ta Sabuwa ce ta yi nisa. Wancan yana nan kusa."

Ɗakina a Legas ciki ɗaya ne, a saman wani bene, tagarsa na kallon rufin kwanon mutane. Ban yi aure ba a lokacin. In na taso daga aiki in sayi abinci a leda in ci a tsaye, ba mai ce mini sannu da zuwa. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Akwai makon da in ba Juma'a ta zo ba, ba na yin Hausa da kowa in ban da mai shayin bakin titi. Da yamma nakan tsaya a tagar in ga jirage suna tashi ɗaya bayan ɗaya, in ce a raina, wancan ya nufi arewa, kafin in yi wanka in ci abinci ya sauka. Sai in ji sanyi. Kun ga abin da na yi wa tsoho shi na yi wa kaina. Tunda gida kusa yake, me zai sa in yi gaggawar zuwa? Bana aiki ya yi yawa, sai baɗi. Baɗi hanya ba lafiya, direbobi ba sa bin ta in rana ta yi sanyi, a bari abin ya lafa. Ai ko yaushe aka neme ni, awa ɗaya da rabi ce.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, da kaka ne, ana yankan gero. Na kwana uku. Ran da zan koma ya ce in raka shi gona, muka bi ta gefen maƙabarta inda Inna take. Ya tsaya muka yi mata addu'a. Da muka shafa, bai motsa ba. Bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo, ya ce, "Ran da tawa ta zo, kai za ka shiga ramin ka karɓe ni. Baffanka hannunsa na rawa, kada ya kada ni."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan da safiyar Allah?"

Ya ce, "Magana ce. Ni na shiga na karɓi ubana, na juya shi gabas da hannuna. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce, "Na ji. In sha Allahu."

Ya ce, "To. Ai ba nisa."

Nan ma ga dama ta biyu Allah ya ba ni. Da na ce, Baba tsaya in gaya maka yadda lissafin yake. Ban ce ba. Na gyara jakata a kafaɗa muka wuce, yana nuna mini inda tsuntsaye suka yi masa ɓarna.

Shekara biyu da wani abu bayan nan, cikin damina, ranar wata Talata, ina shirin fita aiki wajen ƙarfe bakwai na safe sai ga kiran Baffa. Da na ga ba Juma'a ba ce sai na san ba lafiya ba. Yana haki, alamar da sauri ya hau tudun. Ya ce Baba ya kwana biyu da zazzaɓi, ya hana a gaya mini, yau bayan sallar asuba ya cika. Na yi salati. Ya ce, "Ka taho, muna jiranka." Kafin in ce wani abu ya kashe, ya sauka daga tudun.

"Muna jiranka." Sai da na sa takalmi maganar ta dawo mini. A wajenmu ba a jiran kowa da gawa. A yi wanka, a sa likkafani, a sallata, a kai mutum gidansa tun jikinsa bai gama sanyi ba. Ko ɗan da ke ƙauyen gaba, in bai iso ba sai dai ya tarar da zaman makoki. Na kira Baffa in ce kada su jira, wayar ba ta shiga. Na kira sau nawa ban sani ba, wata mata a cikin wayar tana ta gaya mini ba a samun lambar, kamar ni ban sani ba.

Na fita a guje. Titi ya cushe, mota ba gaba ba baya, ruwa na zuba. Na sauka na hau babur, na isa filin jirgi jiƙe sharkaf, ƙarfe tara ta wuce. Jirgin safe na Kano ya tashi. Na gaba sai da rana. Na sayi tikiti na zauna. Ƙarfe ɗaya ta yi aka ce an ɗaga zuwa uku. Uku ta yi aka ce a ƙara haƙuri. Na je wajen wata ma'aikaciya na ɗaga murya, na ce mahaifina ne ya rasu, ana jirana. Ta ce ta yi mini ta'aziyya, amma ba abin da za ta iya yi. Gaskiyarta, ita me ta yi mini? Na koma kujerata kunya ta rufe ni. Mutane cike da zauren, kowa na danna wayarsa, wani na cin abinci, wani na dariya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko a ɗakin nan nawa. A jikin bango ga allo yana nuna sunan Kano da lokacin tashi da na sauka, tsakaninsu awa ɗaya da rabi cif.

Mun tashi bayan biyar. Kuma tir da abin, jirgin bai ƙara ko minti ɗaya ba. Na duba. Aka kawo ruwa da biskit, na riƙe su a hannu har muka sauka.

Magariba ta yi mini a Kano. A tasha direbobi suka ce ba mai kama hanyar Kankara yanzu, ko nawa zan bayar, sai gari ya waye. Na kwana a masallacin tashar. Da safe muka jira mota ta cika, muka tsaya a Malumfashi aka sauke kaya aka ɗora wasu, na sauka a Kankara na hau babur, muka yi ta kokawa da laka. Ana kiran azahar na sauka a ƙofar gidanmu, ranar Laraba. Awa talatin ke nan daga kiran Baffa.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune. Na durƙusa aka yi addu'a, kowa ya miƙo hannu, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Ba wanda ya ce mini don me. Na shiga ciki, ƙanwata ta taso ta riƙe rigata tana kuka. Ta ce, "Yaya, na gan shi. Na same shi kafin a fita da shi." Na yi mamaki, don na san hanyar Sabuwa. Ta ce tana jin saƙo ta hau babur, ta sauya mota, ta bi ta wajen Faskari ta sake hawa babur, ita kanta ba ta sa ran za ta tarar ba. Ta ce, "Jiran da aka yi maka ne ya sa."

Bayan la'asar liman ya ja ni gefe, muka zauna a zaure, daidai inda Baba yake gyaran igiya ran nan. Dattijo ne sa'an Baba, tare suka yi karatun allo. Ya sa hannu a aljihu ya fito da agogon ya ajiye a gabana.

Ya ce ran Litinin Baba ya aika aka kira shi, ya cire agogon ya ba shi, ya nuna masa da yatsa yadda dogon hannu zai zaga sau ɗaya ya ƙara rabi. Baba ya ce masa in an gama shirya shi kada a ɗauka, a jira mutumin Ikko daidai haka, shi zai shiga ya karɓe shi.

Liman ya ce, "Mun gama komai wajen ƙarfe goma. Aka sa shi a makara nan cikin zaure, muka fita muka zauna muna kallon hanya. Wasu suka fara magana, suka ce wannan ba al'adarmu ba ce, ga hadari yana haɗuwa, ga kabari a buɗe. Na ce wasiyya ce, kuma ba ta saɓa wa komai ba, a yi haƙuri. Duk babur ɗin da ya taso daga wajen Mabai sai kowa ya ɗaga kai. Ɗaya daga ciki ƙanwarka ce. Da lokacin ya cika na ƙara rabin awa daga wajena. Sannan muka sallace shi."

Na ce, "Malam, wa ya shiga?"

Ya ce, "Baffanka. Hannun bai yi rawa ba."

Na kasa ɗaga kai. Can na ce, "Malam, kai ka je Makka, ka san filin jirgin Kano. Ka san ba zan iso ba."

Ya ce, "Na sani. Rabin mutanen da ke zaune sun sani. Na ma gaya masa ran Litinin ɗin, na ce akwai hanya tsakanin Kano da nan, ba ƙarama ba." Ya gyara zaman hularsa. "Sai ya ce mini, shi ya hwaɗa mani da bakinsa, kuma yaron nan bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Ban yi kuka a filin jirgi ba, ban yi a tasha ba, ban yi ba da ƙanwata ta riƙe ni. A nan na yi, a gaban liman, kamar ƙaramin yaro. Bai ce in yi shiru ba, ya bar ni har na gaji.

Washegari da hantsi Baffa ya raka ni maƙabarta ya nuna mini, kusa da Inna, ƙasar ba ta bushe ba, an ɗora ƙaya a kai saboda dabbobi. Muka yi addu'a. Na ce ya je, zan biyo shi. Da ya tafi na zauna a ƙasa, na fito da agogon, na duba inda dogon hannun yake. So nake in san abin da na sa mutane suka yi.

Minti goma na farko na yi ta addu'a. Daga nan addu'ar ta ƙare mini, sai zama. Rana ta hau. Ƙafata ta yi tsami na sauya zama, tururuwa suka hau ni na kakkaɓe. Wata mata ta wuce da itace a ka, ta je inda za ta, ta dawo ba itacen, na duba agogo ko awa ba a yi ba. Daga nesa nakan ji ƙarar babur a hanyar Mabai, kuma ni da ba na jiran kowa, sai in ga na ɗaga kai. A jirgi awa ɗaya da rabi ba ta isa mutum ya gama biskit ba. Ashe a ƙasa, in kana kallon hanya, doguwa ce ƙwarai.

Da hannun ya zaga ya ƙara rabi na matsa kusa, na dafa ƙasar wajen kansa. Na ce, "Baba, mutumin Ikko ne. Ba har ƙofar gida ba ne. Awa talatin ce." Sannan na tashi na kakkaɓe rigata, na ɗaura agogon a ramin da na huda masa da ƙusa, ya matse ni, na bar shi haka na koma wajen masu gaisuwa.